Abin da Ya Sa Nakkasa Take Wasa da Mutum Shida

Kafin in shiga magana, gara in faɗa tun yanzu cewa ban ajiye komai a rubuce ba, kuma shekaru sun ja. Mai yiwuwa in cakuɗa abin da ya faru a wata shekara da na wata, ko in sa magana a bakin wadda ba ita ta faɗe ta ba. Inda na tabbata zan ce na tabbata. Inda nake shakka ma zan faɗa, kuma ina jin wuraren shakkar za su fi yawa.

Abin da ya zaunar da ni rubutun nan shi ne wasu 'yan mata uku da suka tare ni bayan wasa kwanakin baya, ina zaune ina murza gwiwata. Babbarsu ta ce, "Ya Abla, ki ba mu usur ɗin mana ki huta. Ai ba wani abu ba ne, fiit, fiit, halas, shi ke nan." Abla shi ne yadda 'yan matan Makka suke kiran malama mace, kuma da sunan kowa ya san ni a gasarmu ta netbol, inda na daɗe ina alƙalanci. Ban ji haushinsu ba. Na dai tsaya ina kallonsu, don na ga da gaske suke yi. To ga amsata, gare su da duk wadda take ganin aikin nan busa usur ne.

Ga wadda ba ta taɓa gani ba, netbol wasan mutum bakwai-bakwai ne. Akwai sanda doguwa a kowane ƙarshen fili da zobe a samanta, babu allo a bayan zoben kamar na ƙwallon kwando. Ba a gudu da ƙwallo, ba a buga ta a ƙasa ana tafiya, ba a riƙe ta fiye da daƙiƙa uku. Kowace 'yar wasa tana da iyakar inda za ta taka, kuma ana gane iyakarta ne da harafin da ke jikin wata 'yar riga marar hannu da take ɗorawa a kan kayanta. Mu riga kawai muke ce mata. Ku riƙe maganar rigar nan.

Ranar farko da na je wurin Malama Saratu a filin wasa na babban birnin jiharmu, a gida Nijeriya, ban daɗe da kammala digiri a ilimin motsa jiki ba. Ita ce babbar alƙaliyar gasar jiha a lokacin, tsohuwar malamar kwalejin 'yan mata. Ta karɓi sabon usur ɗin da na saya, ta jefa a jakarta, ta nuna min ƙasa a bakin layi ta ce, "Zauna nan. Kada ki kalli ƙwallo, ƙafa za ki kalla." Haka na yi kakar wasa guda ina zaune a ƙasa ina kallon ƙafafun mutane. A netbol ƙafar da ta fara sauka ita ce komai: in 'yar wasa ta ɗaga ta, ta sake ajiyewa da ƙwallo a hannu, ta yi laifi. Ido yana son bin ƙwallo sama, dole sai an hore shi ya zauna ƙasa. Da ta dawo min da usur ɗin, ta toshe shi da auduga. Ina tsaye kusa da ita ina busawa, babu mai ji sai ita. In na makara, sai ta ce, "Kin yi gaisuwar mutuwa bayan arba'in." Ban san ko har yanzu ana koyar da mutane haka ba.

Tsarin gasar jihar, kamar yadda na same shi, shi ne an raba jiha shiyya-shiyya. Kowace shiyya tana da makarantun 'yan mata da kwalejoji da 'yan ƙungiyoyin ma'aikata mata. Akwai rukunin sama da rukunin ƙasa. A ƙarshen kaka, ta ƙarshe a sama ta sauka, ta farko a ƙasa ta hau. An ce malaman makarantun kwana ne suka fara haɗa wasanni tsakaninsu kafin abin ya zama na jiha, amma wannan ji na yi, ban gani ba. Abin da na gani da idona shi ne kati. Kowace 'yar wasa tana da kati mai hotonta da sunanta, kuma kafin a fara wasa alƙaliya za ta bi layi tana haɗa fuska da hoto. A wurina a lokacin, gasar da ba kati ba gasa ba ce.

Da maigidana ya samu gurbin karatu a Makka muka taho, na ɗauka na rabu da usur ke nan. Wata rana a unguwar Mansur na tsaya sayen masa wurin Hajiya Dije, wata dattijuwa Basakkwaciya da ta zo aikin hajji tun tana amarya ba ta koma ba, sai na ji 'yan mata biyu suna gardama da Larabci a kan wadda ta taka layi. Na sa baki. Hajiya Dije ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, kin san wasan ga?" Na ce na ɗan sani. Ta ce, "To Asabar bayan la'asar ki zo, ki raba muna faɗa."

Abin da na tarar ya ba ni mamaki ƙwarai. A tsakar wata istiraha ne, irin gidajen nan masu doguwar katanga da ake haya don biki, can bayan gari. Mata sun cire abaya sun rataye a igiyar shanya. Sandunan zoben an kafa su a cikin tayar mota da aka cika da siminti. Babu namiji ko ɗaya. Kuma suna wasa da ƙafa mai kyau, wasu ma sun fi waɗanda na sani a gasar jiha. Asalin abin, yadda aka ba ni labari, daga Nakkasa ne, unguwar nan ta kan dutse. Wata tela mai suna Inna Kande, wadda ta yi makarantar kwana kafin ta zo Makka, ita ta koya wa 'ya'yanta da na maƙwabta a saman bene, da bokitin da aka cire wa gindi. Ita ta ɗinka riguna bakwai korayen farko. 'Yan Mansur suka gani suka yi ja. Hajiya Dije ta haɗa su wasa, daga nan Hindawiyya da Rusaifa da sauransu suka shigo, har da matan ɗalibai irina.

Abin da ni na kawo shi ne tsarin jiharmu: rukunin sama da na ƙasa, hawa da sauka, alƙalai biyu a kowane wasa. Duk sun karɓa. Kaka tana farawa ne bayan hajji, saboda lokacin hajji rabin 'yan wasanmu suna Mina suna aikin girki da shara da rakiyar tsofaffi, kuma tana ƙarewa kafin azumi. Da na zo kan kati, na ce kowa ta kawo hoto da cikakken suna. Wata ta tashi ta ɗauki abayarta. Hajiya Dije ta ja ni gefe ta ce, "Ke kina da iƙama, takardar zama, ɗiyata. Waɗannan nan aka haife su, amma mafi yawa ba su da takarda ko ɗaya. Sunansu da hotonsu su taru wuri guda, wa za ya iya barci?" Tun ranar ban sake tayar da maganar ba.

To da me ake gane ƙungiya? Da riga. Dokar ta riga ni zuwa, kuma ga yadda take. Kowace unguwa tana da riguna bakwai, ba ƙari. Kowace 'yar wasa tana tafiya gida da tata, ita take wankewa. In za ta daina wasa, aure ko ciki ko tafiya, ita za ta miƙa wa wadda za ta gaje ta, hannu da hannu. In riga ta tsufa, ba a ɗinka sabuwa sai an kawo tsohuwar gaban alƙalai an sa mata almakashi. In riga ba ta zo fili ba, gurbinta ya zauna ba kowa. Wannan ya hana aron 'yan wasa, ya hana unguwa mai hali ta ɗinka kaya ta shigo da ƙungiya biyu. Na haɗa shi da dokar netbol ta ko'ina, wadda ta ce ƙungiya ba ta shiga fili da ƙasa da mutum biyar. Sannan saboda kujerun rukunin sama kaɗan ne, muka amince cewa wadda ta kasa shiga fili ranar buɗe kaka ta rasa kujerarta, a ba ta gaba a rukunin ƙasa. A lokacin na ga dokokin sun dace da juna. Ban hango ranar da za su haɗu a kan mutum ɗaya ba.

Aikin da nake fara yi a kowace Asabar, wanda 'yan matan nan uku ba sa gani don ba su iso ba, shi ne layi. Mai istiraha bai yarda da fenti ba. Na gwada tef, zafin Makka ya narkar da shi ya manne wa takalma. Yanzu garin alli nake zubawa ta bakin gorar ruwa da na huda, in an gama mu share. Ƙwallo ba a barinta a mota, na taɓa buɗe but na tarar ta fashe kamar an sa mata wuƙa. Usur kuma ba kowanne ba. Mai ƙara sosai yana jawo hankalin maƙwabta, su fara tambayar me mata suke yi a ciki, don haka nawa na roba ne mai kaurin murya, wanda ba ya tsallake katanga.

Sai duba farce. Kafin kowane wasa ina bin layi da ɗan faranti. Kowa ta miƙo hannu, tafin yana kallona. In na hango farce ta bayan yatsa, a yanke. 'Yan kunne, zobe, awarwaro, da fil ɗin da ake maƙale ɗankwali, duk cikin faranti. Akwai ranar da wata ta ɓoye fil ɗaya a ƙarƙashin haɓa, aka yi tsalle, ya tsaga wa abokiyar karawarta fatar ido. Jinin da na gani a kan farin allin nan ban manta shi ba. Kaɗan ya rage idon ya tafi. Shi ya sa nake sa yatsa in shafa ƙarƙashin haɓar kowace 'yar wasa, ko da uwata ce, kuma shi ya sa ba na dariya in an ce na cika tsoro.

Iyaye mata su ne masu wahalar. Uwa za ta zauna a bakin layi da fulas ɗin shayi, in kin busa wa 'yarta ta ce, "Abla, ki ji tsoron Allah, a Makka fa kike." Abin da na koya shi ne kada ki amsa, kada ki kalle ta, kuma kada ki ci abin da ta miƙo miki kafin wasa.

Yanzu sai mummunar shekarar. Ba zan faɗi wace ce ba, don ina iya kuskure da ɗaya. An daɗe ana cewa za a rushe Nakkasa, har mutane suka daina ji. Wata rana na hau unguwar kai wa Inna Kande dubiya, ba ta da lafiya, sai na ga an rubuta kalma ɗaya da fenti a jikin kowace katanga: izala, wato rushewa. Na tsaya a kan matakala ina karantawa gida bayan gida, kamar in na kai ƙarshe zan ga wani abu daban. Da na sake komawa bayan azumi, ban gane inda nake ba. Dutsen yana nan, amma an aske shi. Na nemi benen da aka fara wasan a kai, ko alamar inda yake ban iya nunawa ba. Inna Kande ta rasu a tsakanin nan, a gidan haya can wani wuri, Allah ya ji ƙanta.

Mutanen unguwar suka watse. Wasu suka yi kudu, Waliyul Ahad, wasu suka yi gabas, Shara'i. Tsakanin wuraren biyu tafiya ce mai nisa, kuma mace marar iƙama ba ta son doguwar hanya. Kowace 'yar wasa, bisa al'ada, ta tafi da rigarta cikin kayanta.

Bayan hajji, ana gab da buɗe kaka, Rabi ta kira ni. Ita ce 'yar tsakiyar Nakkasa kuma kyaftin ɗinsu, gajeriya mai baki. Ta ce, "Abla, Nakkasa tana nan zuwa." Na ce alhamdu lillahi. Washegari Zulai ta kira, 'yar Inna Kande, mai jefa musu ƙwallo. Ta ce, "Abla, kada a ba kowa kujerarmu, muna tafe." Na ce ai na ji. Na ɗauka saƙo ɗaya ne ya zo min ta baki biyu. Daga baya na ji cewa sun yi ta ja-in-ja a waya kan inda za a riƙa yin atisaye, kowacce ta ce a zo wurinta, har suka daina ɗaga wa juna waya.

Ranar buɗewa Nakkasa ce za ta kara da Mansur. Ina tsugune ina gyara layi, mota ta tsaya, mata bakwai suka shigo da kore. Ban gama miƙewa ba wata motar ta tsaya, wasu bakwai suka shigo, su ma da kore. Gorar allin ta faɗi daga hannuna. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. 'Yar tsakiya biyu, mai jefawa biyu, komai biyu.

Na ce su jeru. Na bi su ina taɓa rigunan da hannu. Tsofaffin sun koɗe, kuma ɗinkin Inna Kande ba ya ɓuya, tana ninka bakin wuya sau biyu. Rabi ta zo daga kudu da tsofaffi huɗu da sababbi uku. Zulai ta zo daga gabas da tsofaffi uku da sababbi huɗu. Kowacce ta samo 'yan mata a sabuwar unguwarta ta horar da su, ta kai wa tela ya cike mata.

Rabi ta ce, "Huɗu ta fi uku, ya Abla, ko a jami'arku."

Zulai ta ce, "Har wadda ke jikinki uwata ce ta ɗinka. Cire ki duba wuyan."

"Ta ɗinka wa Nakkasa, ba ta ɗinka wa gadonku ba."

"To ina Nakkasar? Nuna min ita."

Daga can gefe kyaftin ɗin Mansur ta ce, "Ku shigo duka sha huɗun mana, mu duk ɗaya ne a wurinmu." 'Yan Mansur suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba.

Na waiwaya wurin Hajiya Dije, wadda muke kira uwar gasa. Tana zaune a kujerar roba. Ta ce, "Kada ki dube ni. Ni masa nika saidawa. Ke ad da usur. Mi doka ta ce?"

A nan nake so 'yan matan nan uku su tsaya su tambayi kansu me za su busa. Babu laifin ƙafa, babu wadda ta taka layi. In na ba Rabi, na ce wa 'yar wadda ta kafa wasan ba ta da unguwa. In na ba Zulai, na zubar da riguna huɗu saboda gado. In na bar sababbin riguna suka shiga, gobe kowa ya tafi wurin tela, kuma ba mu da wani abin gane ƙungiya bayan wannan. Na faɗi abin da doka ta ce. Na ce sababbin riguna ba riguna ba ne, tunda ba a yanka tsofaffin ba. Na ce huɗu ba ta kai biyar ba, uku ma haka. Na nuna inuwar katangar yamma, na ce in ta iso layin tsakiya ban ga tsofaffin riguna biyar a cikin fili ba, zan busa, kujerar Nakkasa ta koma hannun Rusaifa. Ba zalunci ba ne, mai istiraha yana karɓar makullinsa da magariba.

Sababbin 'yan matan bakwai suka fara cire rigunansu. Wata ƙarama a cikinsu tana kuka ba sauti. Uwar wata ta ce min, "Yarinyar nan tun kafin hajji take tsalle a tsakar gida, yau ki ce rigarta ba riga ba ce?" Rabi ta tsaya a da'irar tsakiya da mutanenta uku, ta harɗe hannu. Zulai tana bakin layi da nata biyu. Babu mai kallon wata. Kowa inuwa take kallo, ni ma ita nake kallo, ban taɓa sanin tana sauri haka ba.

Saura kamar taku ɗaya ta taɓa allin, na sa usur a baki. Sai Zulai ta cire rigarta ta ka, ta tako har tsakiyar fili, ta ɗora wa Rabi a kafaɗa. Ta ce, "Ga ta biyar. Ki nemi mai sawa." Ta juya.

Rabi ta ce, "Riga ba ta jefa ƙwallo. Wa zan sa wa, waɗannan da ko bokiti ba sa samu? Mayar ki shiga da'irarki, kina ɓata mana lokaci."

Zulai ta tsaya ba ta juyo ba. Ta ce, "Ba don ke ba."

"Na sani. Yalla, shiga."

Ta mayar da rigar. Na ƙirga biyar, na busa. Doka ta yarda wadda ta makara ta shigo bayan an ci ƙwallo, don haka da Mansur suka jefa ta farko, ɗaya daga cikin mutanen Zulai biyu, 'yar gefe, ta ruga ta shiga gurbinta. Suka zama shida. Kowa ya juya yana jiran ta bakwai.

Ita ce Hindatu, mai tsaron zobe, doguwar da ta fi kowa tsawo a gasar, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Tana zaune a ƙasa ta jingina da katanga. Ta riga ta mayar da abayarta, rigar tana kan cinyarta. Aka ci ta biyu, ba ta tashi ba. Aka ci ta uku. Mai jefawar Mansur tana tsaye ƙarƙashin zobe ita kaɗai, har ta fara jin kunyar jefawa.

Da aka je hutun farko na je na tsuguna gabanta. Na ce, "Hindatu, lafiya? Gurbinki fa."

Ta ce, a iya abin da na riƙe, "Abla, zoben wa zan tsare? Yau motarmu ta bi ta Nakkasa. Inda ɗakinmu yake, motoci ake ajiyewa. Kun ce riga ce ƙungiya. Ni a sanina unguwa ce."

Hajiya Dije ta taso da sandarta ta ce, "To ɗiyata, in ba ki yi, miƙa ma wata. Ga yara nan suna so."

Hindatu ta ce, "Hannu da hannu ne dokar, ko ba haka ba, Hajiya?"

"Haka na."

"To ban miƙa ba."

Ta ninke rigar a hankali, ta sa a jaka, ta yi mana sallama ta fita. Babu wadda ta bi ta. Ni dai na san na daɗe a tsugune ina kallon ƙofar, sai da abokiyar alƙalancina ta taɓa ni ta ce lokaci ya yi. Na taɓa ganin an bar fili don fushi, na ga an bar shi don rauni. Ban taɓa ganin mutum ya tashi da gurbinsa ya tafi da shi ba.

Mansur ta ci wasan, da rata mai yawa. Amma Nakkasa ta shiga fili, don haka kujerarta ta tsira. Bayan mako biyu ko uku muka zauna, mu alƙalai da kyaftin-kyaftin. Mafi yawa, har da 'yan Mansur, suka ce wannan lalura ce, a yafe dokar sau ɗaya a ɗinka wa Nakkasa sabuwar rigar mai tsaron zobe. Ni ma, gaskiya, na karkata can. Rabi ce ta ƙi. Ta ce, "Rigar tana da mai ita." Zulai, wadda har lokacin ba sa gaisawa sosai, ta ce, "Haka ne." Maganar ta mutu a nan.

Tun daga kakar nan Nakkasa da mutum shida take wasa. Ba sa atisaye tare, sai ranar wasa suke haɗuwa, rabi daga kudu rabi daga gabas. Mai tsaron bayansu ɗaya ce take fama da masu jefawa biyu a cikin da'ira, don haka ana zura musu da yawa, su kuma dole su zura fiye. Sau da dama sun kai bakin sauka, kuma har yau ba su sauka ba. Yadda suke yi, ni da nake tsaye a bakin layi ma ban gama ganewa ba. Sababbin 'yan matan da aka cire wa riga ran nan sun haɗu sun kafa tasu ƙungiyar a rukunin ƙasa, da riguna ruwan ɗorawa. Wasu daga cikinsu har yanzu ba sa gaishe ni, kuma ban ga laifinsu ba.

Wannan shi ne abin da na iya tunawa. Na san akwai mata da yawa da suke wurin ran nan, kuma na san ba duka za su yarda da yadda na faɗa ba. Wata ta ce min Rabi ce ta fara takowa wurin Zulai, ba Zulai ba. Wata ta ce ba Rusaifa ce ke jiran kujerar ba, Hindawiyya ce. Duk wadda ta san daidai, don Allah ta same ni a fili ko ta aiko a gaya min, zan gyara, kuma zan faɗi cewa ita ta gyara min.

Inda na fi buƙatar gyara shi ne maganar Hindatu. Ni na fi kowa kusa da ita, amma hankalina ba ya jikina. Zulai ta ce ba "zoben wa zan tsare" ta ce ba, cewa ta yi "ban iya tsare komai ba", kuma tsakanin maganganun biyu akwai nisa. Lambar Hindatu ta daina shiga tun shekarar. Wasu sun ce tana Jidda, wasu sun ce an mayar da ita ƙasar da ba ta taɓa gani ba. In rubutun nan ya kai ga wadda ta san inda take, a gaya mata ba rigar muke nema ba, tata ce. So nake ta faɗa min abin da ta ce, in rubuta shi daidai. In kuma tana kusa, ta fi son ta faɗa da bakinta, Asabar bayan la'asar muke farawa, kuma ƙarƙashin zoben Nakkasa babu kowa.